Riga Mai Lamba Biyar

A danginmu duk wanda ya ce Kawu, tela yake nufi, wan Auta, mai shago a bakin layi kusa da mai faci. Mutum ne mai kyakkyawan hannu, ba ya saɓa alkawarin ɗinki, amma da za a tsaga zuciyarsa, ƙwallo za a tarar ba zare ba.

Tun yana saurayi ɗan baya ne a ƙungiyar unguwa. Shekaru suka ja, teɓa ta fito, aka mayar da shi benci, ya zama shi ke gyaran rigunan 'yan wasa kyauta. Auta kuwa, wanda Kawu ya koya wa ɗaura igiyar takalmi, shi ne ɗan gaban da yara ke rera sunansa. Idan aka yabi Auta a shago, sai Kawu ya ƙara taka keke har maganar ta nutse.

Shekarar da suka kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni, sai ga matsala. Lamba biyar ya mari wani a fili, ya samu jan kati. Lamba huɗu kuma katunan gargaɗi suka taru masa. Aka dakatar da su biyun, bayan ƙungiya ya zama kamar gida ba ƙofa. Kowa na jimami, ban da Kawu. Ya ɗauko riga mai lamba biyar, ya farke gefunanta, ya ƙara ƙyalle daidai cikinsa. Ya fara gudun safe, matarsa na yi masa dariya tana cewa ƙasa za ta kai ƙara.

Ana saura kwanaki kaɗan koci ya shigo shago, Auta na biye da shi.

"Tela, na yanke shawara. Auta zai dawo baya, yana da tsawo, yana da kai. A daidaita masa biyar ɗin nan."

Ya ɗaga rigar, ya ga faɗinta. "Wannan kuma tanti za mu kafa?"

Auta ya ƙyalƙyale. "Yaya, ai ni da gola ma sai mu shige ciki."

Kawu ya ce to. Tef ɗin awo ma a wuyansa ya bar shi. Da suka fita ya cire ƙyallen da ya ƙara, ya haɗa gefunan da ɗinki mai tsalle, irin wanda ake yi kafin a gwada kaya, da zaren da ya daɗe da rubewa a akwati. So yake rigar ta yage a gaban jama'a, a yi wa Auta ihu ko sau ɗaya, ya ji yadda abin yake.

Ranar wasa Kawu ya zauna a benci cikin rigarsa ta 'yan canji. Abin haushi, Auta ya tsare baya kamar a can aka haife shi. Kowace ƙwallo ta sama kansa take samu.

Bayan hutun rabin lokaci abokan karawa suka samu bugun kwana. Ɗan gabansu ya damƙi rigar Auta ya ja, ya sa kai, ƙwallo ta shiga raga. Sai dai rigar ta tsage tun daga hammata har ƙasa, tana lilo a hannun mutumin. Alƙalin wasa bai ga jan ba, amma ya ga shaidar. Ya soke ƙwallon.

Auta ya rugo bakin fili tsirara daga ƙugu zuwa sama. Ba su da wata riga ta ajiya. Koci ya waiga benci.

"Tela, tuɓe taka ka ba shi. Yi sauri."

Kawu ya tuɓe. Ya zauna da singileti, ya naɗe hannuwa a kan cikinsa, 'yan kallo na bayansa suna tambayar ko wata nawa ne.

Ana dab da tashi, ɗan bayan dama ya gurɗe ƙafa. Koci ya juyo, idonsa ya faɗa kan Kawu, har ya buɗe baki. Kawu ya miƙe tsaye. Kocin ya dubi singiletin, ya dubi yagaggiyar rigar da ke ƙasa, ya kira wani ɗan tsakiya ya tura shi. Ƙungiyarsu ta yi nasara da ci ɗaya, aka ɗauki Auta a kafaɗa sanye da rigar wansa.

Washegari Auta ya leƙo shago. "Yaya, da ɗinkin ya yi ƙarfi da mun sha kashi. Kowa na cewa albarkarka ce."

"Matsa min daga haske," in ji Kawu.

Bai sake zama a benci ba. Ummanmu, wadda yayarsu ce su biyun, ta taɓa duba rigar nan, ta ja zaren da yatsa ya tsinke, ta kalli Kawu kawai ta ajiye. Har yau yana zuwa kallo, yana tsayawa can bayan raga shi kaɗai, kuma duk ɗan bayan da ya yi kuskure, Kawu ne farkon wanda zai gani.