Baba Mai Walda da Gadar Tsofaffin Ƙarafa

Kullum da safe, kafin ya buɗe rumfarsa, Baba mai walda yakan gangara bakin kwazazzabon da ya raba unguwarmu da makaranta da asibiti. Da 'yar gudumarsa a hannu yake bin ƙarafan gadar ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Inda ya ji sauti ya canza, sai ya yi alama da alli, da yamma ya dawo da injinsa.

Gadar nan ba gwamnati ce ta yi ta ba, ba a kuma karɓi harajin kowa ba. An yi ta mana alkawarinta har muka gaji da tafi. Daminar da ruwa ya tafi da ɗan maƙwabciyata a hanyar makaranta, sai Baba ya shiga bin gidaje. "Ba na son kuɗinku," in ji shi. "Mai tsohon ƙarfe ya kawo, mai ƙarfi ya zo ya kama mini."

Mu kuwa mutane ne da aka sha cuta. Mutum ya ƙi kuɗi? Lallai akwai abin da yake hari. Wasu suka ce kansila yake so. Wasu suka ce wa 'yan gwangwan zai sayar da ƙarafan. Mai shagon bakin layi, wanda ya ba da tsohuwar ƙofarsa, ya kasa haƙuri ya tare shi gaban jama'a.

"Baba, ina ƙofata? Jiya na ga motar 'yan gwangwan a bakin rumfarka."

"Taho mu je," in ji Baba.

Ya ja shi har ƙarƙashin gada, mu ma muka bi don kashe ƙwarƙwatar ido. Ga ƙofar nan a manne, da mariƙinta da shuɗin fentinta. Kusa da ita ga gadon ƙarfen surukata, ga tagar tela. Ashe da gangan Baba ba ya yanka ƙarfen mutum har ya ɓace kama, ba ya kuma rufe shi da sabon fenti, don duk mai shakka ya sauko ya ga nasa. Motar kuwa ƙarfe ta kawo masa, ba ɗauka ta zo yi ba.

Mai shago ya sosa ƙeya. "Ai ban ce ka ci ba, Baba. Tambaya na yi."

Kai ne ka san halinmu, Baba, ba ka kuma nemi mu yarda da kai a baki ba. Maganin tsatsa, mai aiki ba da allon suna ba. Ko sau ɗaya ban ji ka yi wa kowa gori ba.

Yanzu hasken walda ya cinye masa ido, ya ce zai ajiye aiki. Sai ga wani kwamiti ya ɓullo da manyan riguna, wai za su "kula da gada". Za a sa ƙofa, a yanka tikiti, kowane gida ya biya ko yana so ko ba ya so. Na leƙa ƙarƙashin gadar, ban ga ko ƙusar ɗayansu ba. Raina bai kwanta da su ba, kuma ba zan ɓoye ba.

A taron da suka kira, Baba ya miƙe yana lalubar sandarsa. "'Ya'yana, ranar da kuka sa ƙofa, yaron da ba shi da na tikiti ta ƙasa zai bi. Ni na tsamo wancan yaron da ruwa ya ci da hannuna. Ba na so a sake kirana."

Shugaban kwamitin ya ce za su sake zama, kuma na san za su sake.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idonka lafiya. Ku kuma 'yan uwa, mai waldan bayan layi ya yarda zai ci gaba da aikin kyauta, amma makarin gadar na gefen hagu ya fara girgiɗi, hadari kuma ya soma haɗuwa. Kowa ya duba bayan ɗakinsa ya fito da abin da yake da shi, da kansa, tun ba a tilasta masa ba. Idan muka yi sanyin jiki, masu tikiti sun riga sun auna faɗin ƙofar.