Bargo Mai Kamu Biyar

Ranar Laraba ce, cikin bazarar 1957. Aikin awon fadama ya kawo ni Wurno daga Sakkwato, na sauka gidan Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifina, kamar yadda na saba.

Bayan sallar asuba Safiyatu ta shigo ta 'yar ƙofar da ta haɗa gidan mijinta da na Gwaggo. Ta ajiye ƙwaryar kunu a bakin ɗakin da na kwana, ta durƙusa daga gefe.

"Malam, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau," na ce, ina duban wani wuri.

Iyakar maganarmu ke nan a ranar. Ɗiyata ce ta fari, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya nuna a gaban mutane cewa ya damu da shi. Uwarta ta rasu tana goye da ita, Gwaggo ta ɗauke ta ta raina. Na tafi karatu har jami'a a Ibadan na dawo, abin yana nan yadda yake. Ita "ta Gwaggo" ce a bakina, ni kuma "Malam" ne a bakinta.

Da hantsi ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta kwance ɗaurin ƙyallayenta. Ina zaure ina rubutu, ta ƙofa ina hango ta. Yadda take aikin shi ne, ta shimfiɗa tsohon zane, ta baza audugar da ta shiɓe a kai, sannan ta jera ƙyallaye ta rufe: saƙi, baƙin rini, guntayen atamfa, farin alawayyo. Sai ta bi da allura layi-layi, kurkusa, don kada audugar ta taru gefe ɗaya in an wanke. Zaren ita take kaɗa abinta.

Shekara bakwai tana ɗakin Mainasara, manomin albasa, Allah bai ba su haihuwa ba. A shekara ta biyu wata maƙwabciya ta haihu cikin sanyi, Safiyatu ta haɗa tsummokin da take da su ta ɗinka wa jaririn abin rufa. Daga nan ta ci gaba. Ba ta taɓa sayarwa ba. Duk mai jego a dangi, duk tsohon da sanyi ke damu, bargonta zai iske shi. Akwai nata a Gandi, akwai a Rabah, akwai wanda wani mai jaki ya kai har Goronyo. Mata suna aiko mata da tsofaffin zannuwa, su zo su karɓi bargo su sa albarka su tafi. Yawancin yini ita kaɗai take zaune, sai kaji.

Kowane bargo da tsawon mai shi take yinsa. Na jariri kamu biyu, na babba kamu huɗu. Wanda ke gabanta ran nan kamu biyar ne, kuma a danginmu duka ni kaɗai ne ƙafafuna ke leƙe daga kamu huɗu. Na san nawa ne. Ta san na sani. Abin da ya rage shi ne yadda zai fito daga hannunta ya shigo nawa, alhali ita ba ta iya miƙo mini, ni kuma ba na iya tambaya.

Bayan azahar Gwaggo ta jawo kujerarta kusa da ita. Tsakaninsu wasan kaka da jika ne.

"Ke, wane raƙumi za ki ruhewa?"

"Na baƙo na, tsohuwa."

"Wane baƙo? Samudawa sun dawo?"

"Ke dai mi ya dame ki? Naki na nan kin ɓoye cikin tukunya, kina jiran ango."

"Ja'ira! To in kin ƙare wa za ki aika da shi? Ni dai ban ɗaukar kaya."

Safiyatu ta sunkuya a kan ɗinkinta. Ta tsinke zare da haƙori. Ni kuma na ci gaba da rubutu kamar ban ji ba.

Da la'asar ta ce kanta yana sarawa, ta ɗaure shi da ɗankwali, ta ƙara layi biyu ko uku. Kafin magariba ta naɗe bargon ta kai ɗakin Gwaggo, domin ba ta so hayaƙin girki ya kama shi. Gefe ɗaya ya rage ba ta kalmashe ba, auduga tana leƙowa. Ta wuce ta bayan zaure, ta shige ta 'yar ƙofar.

Washegari na yi sammako zuwa Goronyo. Ashe ciwon kan nan na Safiyatu sanƙarau ne, wanda ya ɗebi mutane da yawa a ƙasar a bazarar nan. Kafin ɗan aike ya same ni a bakin gulbi na juyo, an riga an kai ta.

Na zauna zaman makoki a zaure. Masu gaisuwa sukan gaida Mainasara da kyau, su shiga ciki su gaida Gwaggo, ni kuma su ce mini "ya haƙuri" a taƙaice, don kada su ba ni kunya. Haka ya dace, haka na amsa. Mata da yawa sun zo daga ƙauyuka da goyo a lulluɓe cikin ɗinkinta, duk da zafin da ake yi.

Bayan sadakar bakwai Liman Halliru ya zo rabon kaya. An fito da su tsakar gida: tasoshi, ƙore, akwatin katako, zannuwa, mazari, awaki biyu, ɗaurin ƙyallaye, da bargon. Liman ya ce rabi na miji ne, saura nawa. Ya dube ni.

"Malam, mi za ka ɗauka?"

Na ce a bar wa Gwaggo rabona. Abin da uban ɗan fari zai ce ke nan, kowa ya san haka.

Aka raba komai, bargon yana nan a kan tabarma. Mainasara suruki ne, ba zai iya ɗaga ido ya ce mini ga shi ba. Liman ya fara cewa ko a ba ladan, tunda ya tsufa. Wani ya ce haka ya yi.

Sai Gwaggo ta yi magana daga bakin ɗakinta, da faɗa-faɗa.

"Ku ba ladan abin da ba a ƙare ba? Auduga waje? Ni idona ya mutu, ban iya kalmasa. Kai Ma'azu, kai ka zuwa birni. Ɗauki ka kai ma maɗunki ya gyara bakin. Ko shi ma aikin ya hi ƙarhin mai ilimi?"

Na ce to, Gwaggo. Na tashi na naɗe shi.

Tasoshi da akwati suka tafi gidan Mainasara. Gwaggo ta riƙe awakin da mazari. Zannuwan aka yi sadaka da su. Ɗaurin ƙyallayen babu wanda ya nema, ya zauna a kan rumbu har damina ta lalata shi.

Bargon na zo da shi Sakkwato. Ban kai wa maɗinki ba. Gwaggo ta yi shekaru bayan haka, ina zuwa gaishe ta duk sallah, kuma ba ta taɓa tambaya ko an gama gyaran ba.