Arzika, Ɓauna da Ɗarin Fadama

A gidanmu na Sabiyal, ɗari ne ke kawo tatsuniya. Da damina kowa kan dawo daga gona a gajiye, ana gama cin tuwo sai barci. Amma da an kai dawa rumbu, maza sun koma fadama dashen albasa, iska ta fara yankan kunne, sai kakarmu Inna Ige ta sa a jawo mata kututturen ƙirya tsakar gida a hura. Ita ta haifi babanmu. Gajeruwa ce siririya, muryarta kuwa ta fi jikinta girma nesa ba kusa ba. Bayan isha'i mukan zagaye wutar, ni da yayata Hassi da yaran maƙwabta, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga, dankali na gasuwa a toka.

Inna ba ta ba da labari a zaune. Mijinta maharbi ne, ya rasu tun ba a haife ni ba, kuma ta ɗauke tafiyarsa da tsugunonsa kaf. Muciya ce bakanta, tsinken tsintsiya kibiyarta. In ta yi sanɗa ta bayan turmi, har kaji sukan motsa a akurki.

Wani dare na fito wurin wuta ba riga, ina bubbuga ƙirji don yara su gani. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai angona, ina rigarka?"

"Ni ba ni jin ɗari, Inna."

"Awo? Haka Arzika yac ce."

Sai wurin ya kaure da ihu, don duk mun san Arzika, kuma ba mu taɓa ƙoshi da shi ba. Ta miƙe, ta ɗaure zane, ta ce, "Ga ta nan tahe, ta sha ɗari." Muka amsa baki ɗaya, "Ta matso wuta mu ji ta!"

Wai a wani gari na bakin gulbi an yi wata ɓauna, baƙa wuluk, mai ƙaho kamar reshen tsamiya. Da ɗari ya kama sai ta riƙa shigowa fadama da asuba, ta tattake fangalin albasa, ta yi birgima a kan dashe. Ran nan ta soke wani manomi a cinya. Mutane suka daina zuwa ban ruwa, albasa ta fara bushewa, ga shi ita ce abincin shekararsu. Aka kira Arzika, saurayin maharbi wanda kibiyarsa ba ta kuskure, sai dai bakinsa ya fi kibiyar sauri. Ya ce gobe war haka ana rabon nama.

Ya fita daga shi sai warki da layu a damtse, wai ɗari na ragwaye ne. Ya kwanta cikin ciyawa yana jira. Iskar gulbi ta taso ta ratsa shi. Nan Inna takan kama haɓarta ta riƙa kaɗa 'yan haƙoran da suka rage mata, kaf-kaf-kaf, mu kuma muna birgima don dariya. Ɓauna ta iso, ta tsaya nesa, ta ce, "Arzika, tun ƙetaren gulbi nij ji haƙoranka. Na zaci kalangu aka kaɗa min." Ya zabura zai harba, yatsu suka ƙi lanƙwasa. Kibiya ta faɗi gaban ƙafarsa. Ɓauna ta yi birgimarta a nitse ta tafi.

Kunya ta sa ya bi gida gida yana aron tufa. Ya sa riga kan riga, ya ɗora babbar rigar liman mai sitaci, ya yafa gwado, ya naɗa rawani har ya toshe kunnuwa. Inna takan tattara zannuwanmu da tabarmar kaba ta lafta wa Hassi, ta ce ta yi tafiya mu gani. Kafin Arzika ya kai fadama ya jiƙe sharkaf da zufa. Da ya zauna, zufar ta huce a jikinsa, ɗarin ya fi na jiya. Rigar liman kuma ko numfashi ya yi sai ta ce ƙaras. Kunnuwa a toshe, bai ji tahowar ɓauna ba sai da hucinta ya daki ƙeyarsa.

"Gudu, ɗiyana!" in ji Inna, tana zagaya wuta da sauri. "Shina gudu shina tuɓewa! Gwado ya tahi! Rawani ya tahi! Ga icce gabanai, riga ta hana shi hawa!"

Mukan miƙe tsaye muna ihu, "Tuɓe, Arzika, tuɓe!" Da ƙyar ya zare kansa daga babbar rigar ya ɗare bishiya. Ɓauna ta soke rigar, ta zagaya gari da ita a ƙaho, liman na kallo daga ƙofar masallaci.

A nan muryar Inna takan sauka. Arzika ya kwanta zazzaɓi, albasa na mutuwa, mutane sun fara maganar ɗaure kaya su bar garin. Da ya samu sauƙi bai yi wa kowa alkawari ba. Ya tafi ruga wurin Bappa Sambo, wani tsohon makiyayi da ke kwana daji da shanu kowane ɗari, ya durƙusa ya ce, "Bappa, na iya harbi, ban iya sa tuhwa ba. Koya min."

Tsohon ya ce masa ɗarin tafiya daban, ɗarin zama daban. Ya ba shi tsohuwar taguwa ta saƙi, mai laushi, ya ce ita ke bin fata. Mai kauri kuwa a naɗe ta a goya a baya, kada a sa ta sai an isa, jiki ya huce, don zufa ita ke buɗe wa ɗari ƙofa. A kan su a ɗaura fatar akuya ta tare iska a ƙirji. Hula ta rufe kai da kunne ɗaya, ɗayan a bar wa daji. A cusa busasshiyar ciyawa cikin takalmi, hannun harbi kuma ya zauna a hammata har lokacinsa ya yi. Suka rina kayan da bagaruwa suka koma kalar ƙasa, suka rataye su a garke suka sha warin shanu.

Da asuba Arzika ya fita yana jin ɗan sanyi-sanyi, bai damu ba, tafiya ta ɗumama shi. Ya isa, ya huta, ya sa mai kauri, ya ɗaura fata, ya lafe. Inna takan tsuguna bayan turmi, hannunta na dama a hammata, ta yi tsit har sai mun ji ƙarar wuta kaɗai. Ɓauna ta fito daga gulbi. Ta saurara, ba haƙora. Ta shinshina, sai warin shanu. Ta ce, "Yau Arzika ya yi hankali, ya kwanta ɗaka." Ta matso, ta matso, har yana ganin ruwa na ɗiga daga gemunta.

"Sai yaz zaro hannu, da ɗumi kamar tuwon sahe. Yac ce bismillahi. Tsirkiya tac ce fau!"

Tsinken tsintsiya ya tashi sama, mu kuma muka tashi tare da shi. Wani yaro har ya taka toka. Ɓauna ta faɗi, aka yi rabon nama, aka koma ban ruwa, Arzika ya ɗauki cinya guda ya kai ruga, ya kuma saya wa liman sabuwar riga. Inna ta zauna tana haki ta ce, "Ta ƙare, ta bi hayaƙi. Wanda bai ƙoshi ba shi tono dankali."

Na girma ina ɗaukar labarin nan abin dariya kawai. Inna ta rasu ina makarantar firamare. Na yi aure, na koma Jega ina sayar da irin albasa da maganin feshi, farauta kuwa sai jefi-jefi, in abokai sun matsa.

Ɗarin bara waccan muka shirya zuwa harbin zabin daji a wata fadama bayan Maiyama, ni da ƙanena Bashiru. Ya zo da wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo, mai santsi kamar leda, ya zuge ta har wuya a kan rigar ƙwallo. Muka ajiye babur a wani ƙauye muka taka da ƙafa, tafiya mai nisa cikin yashi. Ni na goya tawa mai kaurin a baya ba tare da na yi tunanin dalili ba. Na ce ya cire tasa, ya yi dariya ya ce, "Yaya, wagga Turawa ka sa ta cikin ƙanƙara."

Muka lafe kusa da ruwa gari bai gama wayewa ba. Can sai na ji ciyawa na rawa a gefena. Na juya, Bashiru ne ke karkarwa, leɓɓansa sun yi fari. Na yi masa magana, amsar ta fito a karkace kamar ta mai maye, bindigarsa ma ta zame daga hannunsa. Na zuge rigar, na tarar ta ciki ta jiƙe kamar an tsamo ta daga rijiya, ledar ta hana zufar fita. Na tuɓe masa ita da ƙarfi yana turjewa, na goge shi da rawanina, na cire busasshiyar rigata ta ciki na sa masa, na mayar masa da tasa mai kaurin a kai. Na karyo kara na hura wuta, zabi suka tashi fir suka bar mu. Na rungume shi ina murza masa hannuwa har na ji karkarwar ta fara lafawa.

Da bakinsa ya dawo daidai, ya ce, "Yaya, ina kas san wanga abu? Ko asibiti ka taɓa aiki ban sani ba?"

Sai a lokacin na tuna bayan rasuwar Inna aka haife shi. Bai taɓa ganin ta tana zagaya wuta ba, mu da muka gani kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ba shi. A nan na gane ba dariya kaɗai tsohuwar ke ba mu ba. Ta san 'ya'yan manoma da maharba ne mu, wata rana za mu kwana a fili ba ta kusa, kuma yaro ba ya riƙe gargaɗi amma yana riƙe abin da ya sa shi birgima a ƙasa. Ta kuma nuna mana mutum biyu ne ba su iya sa tufa ba, mai fariya da mai tsoro, kuma mutum ɗaya kan zama dukansu a mako guda.

Na ƙara kara a wuta, na miƙe tsaye cikin ciyawa, ni magidanci mai 'ya'ya, na kama haɓata na fara kaɗa haƙora ina ba shi labarin Arzika. Bashiru ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, jini ya dawo fuskarsa. Rana ta fito ta same mu a nan, ban ko kai wurin rigar liman ba. Muka koma gida hannu wofi, yana bayana a kan babur yana ta zungurina in ƙarasa masa.