Kwalaben Kawu Buroshi

Shekara talatin Kawu Buroshi ya yi yana rubuta allunan shaguna da hannu, kafin injin buga hoto ya kashe masa kasuwa. Ɗan ƙanwarsa, wanda ya riƙe tun yana aji uku, shi ne manajan sashen zane a wani kamfanin talla, shi ya samar masa kujera a can.

Da ƙyar Kawu ya koyi kwamfuta, amma ya koya. Zai gina kwalbar turare a cikin manhaja, ya juya ta ta ko'ina, ya jera mata fitilu, sannan ya sa kwamfuta ta fitar da hoton. Wajen haske babu mai kama ƙafarsa a ɗakin. Ranar da mai turaren da suke yi wa talla ya nuna aikinsa ya ce, “Irin wannan nake so,” daga ranar abokan aikinsa suka daina amsa masa gaisuwa da kyau.

Sai aka ba shi kwalabe ɗari biyu. Kowace a fitar da ita bayanta wayam, ba fari ba baƙi, don a iya ɗora ta kan kowace fosta. Nasa kuwa duk a kan baƙi suke fitowa.

Ya tambayi Dogo, wanda teburinsa ke jikin nasa.

“Ai haka take, Kawu,” in ji Dogo, ko ɗago kai bai yi ba. “Da hannu ake gogewa. Mu ma haka muka sha.”

Ya je wurin Manaja.

“Kawu, a gida kai kawuna ne. A nan kowa da aikinsa.”

Kawu ya koma ya kama linzamin kwamfuta. Yakan ƙara girman hoton har ya fashe, ya bi gefen kwalba yana share baƙi ɗigo-ɗigo. Gilashi ne, baƙin har cikinsa yake shiga. In ya share ciki, ƙyallin ya tafi, sai ya sake daga farko. Kwalba biyar a rana in ya yi sa'a. Wuyan hannunsa ya kumbura, idonsa na dama ya riƙa zubar da ruwa, kullum matarsa na gasa masa da tsumma mai ɗumi. Dogo kuwa yana ɗaukarsa bidiyo ta baya, hanci kusan a jikin allo, yana tura wa sauran. Kawu yana jin dariyarsu, ya ɗauka ƙwallo suke kallo.

A mako na bakwai wata mai kula da buga fosta ta dawo daga hutun haihuwa. Ta tsaya a bayansa.

“Baba, me kake yi haka?”

Ya yi mata bayani. Ta dubi ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai. Ta karɓi linzamin, ta buɗe wani shafi ta danna ƙaramin akwati ɗaya, ta danna na ƙasansa saboda gilashi, ta canza irin fayil ɗin zuwa wanda ke riƙe wayam ɗin. Minti huɗu, kwalba ta fito tas, bayanta babu komai. Kawu yana kan ta ɗari da sittin da uku.

Ya shiga ofishin Manaja ba sallama.

“Ka sani?”

“Kowa ya sani, Kawu.” Ya jawo aljihun tebur ya fito da takardar sallama. “Mai kamfani ya ce in rage mutum ɗaya. In sallami kawuna ba dalili, me zan gaya wa Umma? Yanzu ga dalili: aikin kwana uku ya ci maka mako bakwai.”

Kwanan watan da ke kan takardar na wata guda da ya wuce ne. Fitilun da Kawu ya tsara kuwa aka bar wa Dogo, da su yake aiki har yau.

Washegari ƙanwarsa ta zo gida, ko zama ba ta yi ba.

“Yaya, don Allah kar ka ɓata wa yaron nan suna a cikin dangi. Ya yi maka iya ƙoƙarinsa.”

Ya ce, “To.”

Idon dama bai ƙara gani sosai ba. Yanzu gadi yake yi a wata makarantar firamare, inda ’ya’yan Manaja uku ke karatu. Kowace safiya motar Manaja takan tsaya a bakin ƙofa, in Kawu ya yi jinkirin zare sakata, sai a danna masa ham sau biyu.