Atika Mai Ƙosai da Sunan Ƙasarta a Farisanci

A Sharaɗa kowa ya san Atika mai ƙosai ta ƙofar kamfanin saƙar darduma, kowa kuma ya san halinta na ɓata. Matar da ta taɓa ɓata a Kasuwar Kurmi, sai da mai kura ya rako ta gida! Saboda haka da ɗanta Isyaku, wanda ke kan injin saƙa, ya biya mata kujerar Makka a shekarar saba'in da bakwai, murnarta ba ta kai tsoronta ba. Ta ji an ce tsofaffi kan ɓace a Mina, a dawo ba su.

Cikin masu cin ƙosanta akwai Karimu, makanikin injuna, mutumin Iran. Hausarsa a karye take, amma cin yajinsa ba dama. Ya ga ta daina tsokanarsa, ya tambaya, ta faɗa masa.

"Mama, mutanenmu suna da yawa a can," in ji shi. "In kin ɓata, ki ce musu: Ahle Nijeriye hastam. Wato, ni 'yar Najeriya ce."

"Yanzu ƙasar tawa ma sai ka koya min sunanta?"

Duk da haka ta koya. Tana juya ƙosai tana maimaitawa, ma'aikata na dariya. Mai zuwa sayen na sisi ma sai ya ji 'yar ina ce.

Ta kuwa ɓata. Wajen dawowa daga jifa taro ya raba ta da 'yan tantinsu, ta tsinci kanta cikin mata masu baƙin lulluɓi, ba mai jin Hausa. Sai ta faɗi abin da aka koya mata. Wata dattijuwa 'yar Iran ta juyo ta ce, "Nijeriye?" Ta riƙe hannunta, tana tambayar mutane da wannan suna, har suka iso tantin Kanawa.

Da Hajiya Atika ta dawo, ta kai wa Karimu dabino a bakin ƙofar kamfani. Ta ce abu guda ne ke ci mata rai: matar nan ta tafi, ita Atika ba ta gode mata da harshensu ba.

"Yaya kuke cewa na gode?"

"Mamnun."

Ta gyara mayafi, ta dube shi ido cikin ido, hawaye na zuba.

"To, mamnun, Karimu. In ka koma gida, ku raba godiyar da ita."