Saniyar da na kwanar a gidan wana

A lokacin ina ganin babu dillalin bisashe a Filinge da ya fi ni ido. Da akuya guda na fara, har na kai ina cika kamyo, babbar motar kaya, da dabbobi. Wannan ji da kai shi ya ja mini, don abin da zan faɗa ban yi shi cikin rashin sani ba.

Wata kaka na sayi saniya a kasuwar Abala. Tana ɗingishi, miyau yana zuba daga bakinta kamar zare. Mai ita ya ce tafiyar ƙasa ce ta gajiyar da ita. Na buɗe bakin na ga ƙuraje a dasashi, na duba tsakanin kofato na ga gyambo. Na san boru ne, ciwon baki da kofato mai saurin yaɗuwa. Amma ta yi arha, sai na ce wa kaina zan wanke ta da kanwa in sayar wa mahauta, ba wanda zai cutu. Tsoron kada ta shafa wa garkena ya sa ban kai ta gida ba. Na biya ƙauyenmu na ɗaure ta a gidan wana, kusa da bijimansa biyu masu jan amalanke. Ya ga ɗingishin ya tambaye ni, na maimaita masa ƙaryar da aka yi mini. Ya yi dariya ya ce ƙanensa dai ba ya sayen asara, ya jawo mata rabin tano, gangar ƙarfen da shanunsa ke shan ruwa a ciki.

Kafin sati ya zagayo bijiman sun kwanta, ba ci ba tashi. Hatsinsa kuwa yana jibge damma-damma a gona mai nisa, ga maigari ya riga ya sanar da ranar sakin gonaki ga makiyaya. Kowace amalanke a garin tana kan aikin mai ita. Shi da matarsa da ɗiyansu suka riƙa ɗauka a kai, ba su kai rabi ba garkunan da suka sauko daga arewa suka shiga. Bai da bakin ƙara, tunda an saki daji. Likitan bisashe da ya zo ya tambayi ko wata baƙuwar dabba ta kwana a gidan. Wana ya dube ni, ya ce shi bai tuna ba.

Bijiman sun warke. Na aika masa hatsi ya karɓa, muna gaisawa, muna zama tabarma ɗaya a biki. Amma tun daga shekarar, in zai sayi ko ɗan akuya ne, wani dillali yake nema.

Abin da na gane shi ne, na kare garkena da dukiyar wanda ba zai taɓa bincike na ba. Ƴan'uwana masu wannan sana'a, dabbar da kuka ga tana ɗingishi da miyau ku ware ta, ku ware abin shanta, ku kira likita. In kuna tsoron shigar da ita gidanku, to kada ku shigar da ita gidan kowa.