Shi Da Kansa Ya Kai Ni Tudun Wada

Ina tsugune ina ɗaure sarƙar babur a garejin Alhaji Isyaku da ke Tudun Wada, da hantsin ranar Talata, sai wayata ta yi ƙara. Nasiru ne, babban ɗan maigidana Malam Haladu na Kiru. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce Baba ya cika, za a yi jana'iza bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san mutuwar nan tana tafe, na riga kusan kowa a Kiru sani, amma sanin bai rage mini komai ba. Na wanke hannu na hau babur. Ban taɓa yin tafiyar Tudun Wada zuwa Kiru a hankali irin ta ranar ba, domin na san garin da zan shiga sunana a cikinsa butulu ne.

Tun kaka nake haɗiye wannan suna saboda alkawarin da na ɗauka. Wanda na yi wa alkawarin ya ce iyakarsa ransa. To, yau bakina a sake yake, kuma zan faɗi abin da ya faru ba tare da ragi ba.

Malam Haladu Bakanike shi ne mai garejin babura na bakin tashar Kiru. Shi ya koya mini gyara, shi ya koya mini tsere. Wanda bai san shi ba zai yi mamakin jin haka, don duk garin nan babu mai tuƙi a sanyaye kamarsa. Mai keke yakan wuce shi, ya ɗaga masa hannu ya yi masa sannu. Amma a zancen tseren motocin Turai, ka taɓo shi da safe sai azahar ta raba ku. Yakan lallaɓi mai gidan kallo ya sauya masa talabijin guda daga ƙwallo, ya zauna shi kaɗai a gabanta yana gyaɗa kai. Washegari ya sa Nasiru ya karanto masa labarai a waya: wane direba ake raɗe-raɗin zai bar kamfaninsa, wace doka aka sauya a kan taya ko mai. 'Yan acaɓa su yi ta tsokanarsa, wai mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba ne yake raba wa Turawa gardama. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Inji ba shi da ƙabila."

Daga wannan kallon ya ɗauko tseren rani da muke yi yanzu. A da samari kan yi gudunsu ne a kan kwalta ranar ɗaurin aure, kuma mun kai wasu makabarta a dalilin haka. Malam bai tsaya zagin kowa ba. Ya bi masu gonaki ya roƙi arziki, ya bi Ardo ya ji ranar da shanu za su gama cin kara su tashi, sannan ya fitar da hanyar tsere a bayan gari, da tuta, da alƙali, da hular kwano dole. Daga baya 'yan Bebeji suka shigo, 'yan Tudun Wada suka biyo, har daga Doguwa ake zuwa.

Ni nake hawa wa Kiru, a kan wani tsohon babur da ya haɗa da hannunsa daga tarkace, wanda ya raɗa wa suna Gwaggo. Jikinta duk walda ne, amma injinta, wallahi sai wanda ya ji. A kanta ya koya mini kwanar tsamiya, kwana mafi sharri a filin. Kowa yakan zo mata da wuta ya taka birki a makare, sai ta watsa shi waje. Shi kuwa ya ce in rage tun da nisa, in shiga ta ciki dab da saiwa, in buɗe wuta ina tsakiyarta. In na yi gaggawa sai ya ɗauke makulli ya sa a aljihu, ya ba ni tsumma in goge babura har yamma. Yakan ce tsere a kwana ake cin sa, miƙaƙƙiyar hanya ko jaki ya iya ta.

Bara wani yaro ɗan Bebeji yana cikin gudu waldar gaban babur ɗinsa ta ɓalle, ya karye a cinya. Da kwamitin tsere ya zauna bayan damina, Malam ne ya fara miƙewa ya ce a kafa doka: duk babur ɗin da aka yi wa walda a gangar jiki kada ya ƙara shiga fili. Mutanenmu na Kiru suka riƙa jan rigarsa ta baya, suna raɗa masa cewa wannan doka ai Gwaggo za ta fara ci. Ya juyo ya ce, "Da a binne yaro, gara a binne Gwaggo." Doka ta zauna. Shi ya kawo ta, shi ta fara kayarwa, kuma ba shi da halin sabon babur. Na ji haushi ranar, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa ganin namiji irinsa ba.

Ba a jima ba ya ce in ɗauke shi zuwa Kwanar Dangora zai sayo kayan gyara. Da muka isa bai nufi shagon kowa ba. Ya sa na tsaya a gindin wata bishiya, ya zauna a kan saiwa yana haki. A nan ya gaya mini cewa likitocin Kano sun ce ciwon hanta ya ci jikinsa, kuma daga matarsa Inna Hajara sai ni muka sani.

"Sani, ni tafiya ta kama ni," in ji shi. "Ba zan bar hannunka ya ruɓe a facin taya ba. Tayar da babur, mu je Tudun Wada."

Alhaji Isyaku dillalin kayan babura ne, shi ke riƙe da 'yan tseren Tudun Wada, kuma ba a taɓa tashi taron kwamiti shi da Malam suna kan magana ɗaya ba. Ga shi ƙanin bayan Malam ne a shekaru. Amma da idona na ga maigidana ya rusuna ya gaishe shi, ya ce ya kawo masa amana: yaro ne mai hannu, a ba shi babur, a ba shi aiki. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tashi daga kujerarsa ya ba shi.

A hanyar dawowa ya ɗaure ni da alkawari, kada in gaya wa kowa shi ya kai ni. Dalilinsa a fili yake. In aka ji shi ya kai ni, za a tambayi dalili, in aka ji dalili za a daina kawo aiki garejin marar lafiya, alhali Nasiru bai gama kama hannu ba. Yana son 'yan watanni ne kawai mutane su saba da gyaran Nasiru. Shi ya sa duk ranin nan kuka gan shi zaune a benci yana nuni da baki, kuna yi masa dariya wai tsufa ya kawo lalaci.

Labarin komawata kuwa ya riga ni isa gida. Aka ce Alhaji ya saye ni da sabon babur. Aka ce na kwashe sirrin injin Malam na kai wa abokan gaba, na ci amanar wanda ya raine ni. Abokan da muke cin tuwo kwano ɗaya suka daina amsa sallamata. Mahaifiyata ta daina zuwa gidan biki saboda habaici. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a gaban Malam ake yanka ni, yana ji, ba ya cewa uffan. Wata rana na same shi shi kaɗai, raina a ɓace, na ce ya sake ni in yi magana. Ya ce jita-jita babur ce marar birki, in ƙyale ta, ita za ta kayar da kanta. Sai kuma ya kama hannuna ya ce, "Na ɗora maka kaya mai nauyi, ɗana. Ka yafe ni." Na fito ina share hawaye, kuma ban ƙara tayar da zancen ba.

Da ranar tsere ta matso ya aiko Nasiru da saƙo cewa in na kuskura na rage wa ɗan Kiru wuta don kunya, kada in ƙara taka masa ƙofar gida. Bai je filin ba, ya ce zazzaɓi ne. Na hau wa Tudun Wada, na kuma zo na ɗaya. Mutanen garinmu suka yi mini ihu, har da masu jifa da ledar ruwa. Ba na riƙe kowa a kan wannan. Da ni ne a wurinsu, a kan abin da suka sani, da na yi fiye da haka.

Washegari bayan la'asar na shiga wajensa. Yana kwance a soro, ya rame ƙwarai. Bai tambaye ni ihu ba, bai tambaye ni kyauta ba.

"Kwanar tsamiya, ta ciki ka shiga ko ta waje?"

Na ce, "Ta ciki, Maigida."

Ya yi murmushi ya ce, "To, ban yi asara ba." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ranar jana'iza na isa ƙofar gidan, wasu suka miƙo mini kan yatsu, wasu suka kawar da kai. Da aka ɗauki makara na matso in kama, sai Garba, shugaban 'yan acaɓan Kiru, ya sa kafaɗa ya tare ni. Na ja da baya, don wurin ba na rigima ba ne. A bakin kabari liman ya tambaya wa zai shiga. Nasiru ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba ya bar wasiyya. Ya ce ni da Sani za mu sa shi, Sani ta wajen kai. Ya kuma ce a gaya muku shi da kansa ya kai Sani Tudun Wada."

Na cire takalmi na shiga, na karɓi maigidana da hannuwan da ya koya wa aiki, na kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Da na ɗago zan fito, hannun da aka miƙo mini na Garba ne. Ya jawo ni, bai kuma saki hannuna ba har aka shafa fatiha.

Ba wanke kaina kaɗai ya sa na rubuta wannan ba, Malam ya riga ya wanke ni. Mutanen Kiru, kun ji abin da ya sa ya yi shiru har ya tafi. Garejin nan yana nan a buɗe, Nasiru ya iya aiki, ni shaida ne. Ku ci gaba da kai masa baburanku.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara. Rayukan samarin da ya janye daga kan kwalta, ka sa su a mizaninsa. Ka ba Inna Hajara da Nasiru da ƙannensa haƙuri, ka tsaya musu, ka sa albarka a abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.